Kwalejin Barewa da filin wasanta: amsa ga jikan wani tsohon ɗalibi

Wani matashi ya aiko mini da tambaya. Ya ce kakansa, Allah ya jiƙansa, tsohon ɗalibin Kwalejin Barewa ta Zariya ne, kuma duk sanda aka ɗauko hirar makaranta ba ya zancen aji ko jarrabawa. Zancensa na fili ne: wane gida ya ɗauki kofi, wa ya fi kowa gudu, da wani wasa da ake dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Shi kuwa abin da ya sani game da Barewa bai wuce cewa ita ce makarantar da ta yaye shugabannin ƙasa ba. Yana son sanin tarihinta, da ko wasanni na da matsayi na gaske a cikinsa, ko kuwa begen ƙuruciya ne kawai irin na tsofaffi.

Ɗana, Allah ya gafarta wa kakanka. Na shafe shekara talatin da 'yan kai ina malamin wasanni da tarihi a makarantun sakandaren gwamnati, kuma ina tabbatar maka tsohon nan ainihin makarantar yake ba ka labari. Wanda ya yi Barewa a wancan zamani rabin tarbiyyarsa a aji ya same ta, rabi a fili, kuma waɗanda suka kafa makarantar da gangan suka tsara haka.

Barewa ba a Zariya aka haife ta ba. A Katsina aka kafa ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, da sunan Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Turawa na bukatar 'yan ƙasa da za su koyar a makarantun larduna, sai suka riƙa zaɓo yara ƙalilan daga masarautun Arewa, akasarinsu 'ya'yan sarauta da na manyan malamai, ana ba su horon shekara biyar. Ginin na ƙasa ne, irin ginin Hausa mai kauri, kuma har yau yana nan a Katsina, an mayar da shi gidan adana kayan tarihi. A 1938 aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna ta koma Kwalejin Kaduna. A 1949 ta sake ƙaura zuwa Zariya, wajen unguwar Gaskiya, inda take har yanzu. Ta yi zamani ana kiranta Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 ta karɓi sunan Barewa. Takenta da Larabci yake, Man Jada Wajada, wato wanda ya yi ƙoƙari zai samu. Kowane ɗalibi yana da lambar shiga da ke binsa har kabari, ana lissafi tun daga yaron farko na Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne na 145. In tsofaffin ɗalibai biyu suka haɗu, lamba ce ke raba babba da ƙarami, ko da ƙaramin ne minista.

Zancen shugabanni da ka ji gaskiya ne. Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun bi ta nan, ga Sardauna Ahmadu Bello, ga Malam Aminu Kano. Wannan kowa ya haddace shi, ba zan tsaya a kai ba.

Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne irin makarantar da Turawan suka kwaikwayo. Yawancin jami'an ilmin da aka turo Arewa sun fito ne daga makarantun kwana na 'ya'yan manya a Ingila, irin su Eton, inda aka yi imani cewa fili ne ke gina halin yaro. A ganinsu yaron da ya iya karɓar hukuncin alƙalin wasa ba gardama, ya iya shan kaye ba tare da ya yi fushi ya bar fili ba, ya iya jan 'yan'uwansa goma su bi shi, shi ne gobe za a iya danƙa wa gunduma ko baitulmali. Ba na ɗauke musu niyyarsu ta mulkin mallaka. Ma'aikata masu biyayya suke nema. Amma kayan aikin da suka kawo mai kyau ne, kuma yaranmu sun karɓe shi sun yi abin da masu kawowar ba su zata ba.

Kayan aikin nan abu biyu ne, jadawali da gidaje.

Jadawalin shi ne bayan la'asar ba wanda ke zama a ɗaki. A buga ƙararrawa, kowa ya fito da gajeren wando da singileti, mai iyawa da marar iyawa. Akwai lokacin ƙwallon ƙafa, akwai na hoki, akwai na kurket, akwai na guje-guje da tsalle-tsalle, shekara tana juyawa wasa yana juyawa da ita. Yaro na iya shiga makaranta bai taɓa riƙe sandar hoki ba, ya fita ya buga wasa huɗu ko biyar daidai gwargwado. Ranar 24 ga Mayu kuma, wadda Turawa ke bikin daularsu, makarantu kan cika da gasar tsere. Har akwai garkuwar Hussey, wadda aka sa wa sunan wani daraktan ilmi, da 'yan makarantun Arewa da na Kudu ke karawa a kanta.

Gidaje kuwa su ne ɗakunan kwanan da aka raba yara a ciki, kowane da sunansa da kyaftin ɗinsa. Sunayen gidajen Barewa kaɗai sun isa darasin tarihi. Akwai Lugard da Clifford, gwamnoni. Akwai Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, wanda ya fara makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909. Akwai Malam Smith da Bienemann da Mort, Turawan ilmi. Akwai Bello Kagara da Nagwamatse, malamai 'yan ƙasa da suka koyar a makarantar. Daga baya aka ƙara Jafaru, Sarkin Zazzau, da Suleiman Barau, Sarkin Abuja ta wancan lokaci, wadda yanzu ake kira Suleja. Hikimar tsarin ita ce ba a tara 'yan gari ɗaya a gida ɗaya. Basakkwace da Babarbare da Banufe da ɗan Filato su kwana ɗaki ɗaya, su sa riga launi ɗaya, su yi wa mutum ɗaya ihu ranar gasa. Shi ya sa kakanka ke tuna gidan da ya ci kofi. A shekarun da ya yi a can, gidan nan shi ne danginsa.

Yanzu bari in zo kan wasan bangon, don a nan ne labarin ya fi daɗi, kuma shi ne abin da Arewa ta mallaka wanda sauran sassan Nijeriya ba su da shi.

Turawa na kiransa Fives. Asalinsa a makarantar Eton ne, inda yara ke dukan ƙwallo a wani lungu na jikin cocin makarantar, tsakanin ginshiƙan da suka tokare bango, a gindin matakala. Da aka zo gina wa wasan fili na musamman sai aka kwaikwayi lungun nan da duk karkacewarsa. Shi ya sa in ka shiga filin za ka ga bango uku, gaba da hagu da dama, baya a buɗe. Daɓen hawa biyu ne, na gaba ya ɗan fi na baya tudu, da 'yar matakala a tsakani. Daga bangon hagu kuma wani ɗan gini ya kutso cikin fili kamar kafaɗa. Mutum huɗu ke bugawa, biyu da biyu. Ba sanda, ba raga, hannu ne kawai, dama da hagu duka. Kana dukan ƙwallo ta bugi bangon gaba sama da wani layi, abokin hamayya kuma dole ya mayar kafin ta taɓa ƙasa sau biyu. Ɓangaren da ke da farawa shi kaɗai ke samun maki, ana tafiya zuwa goma sha biyu. Gwanin wasa shi ne mai aika ƙwallo gindin kafaɗar nan ta hagu, inda za ta mutu ko ta fito ta inda ba a zata ba. Kuma bisa al'ada ba a sa alƙali. 'Yan wasan ne da kansu ke faɗin gaskiya in ƙwallo ta faɗi sau biyu ko in wani ya tare wa wani hanya.

Wani malami Bature mai suna Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina, shi ya kawo shi Arewa a shekarun 1920. A Ingila da wata 'yar ƙwallo mai tauri ake bugawa, da safar hannu mai kauri. A nan kuwa bangon na ƙasa ne, ƙwallon Turawa sai ta riƙa ɓantarar ginin, don haka aka koma ƙwallon tanis. Wannan ɗan canjin shi ya sa wasan ya zauna. Magini na gari zai iya tayar da bangon, ƙwallo ɗaya ta ishi mutum huɗu, ba a bukatar takalmi ko ciyawa ko ruwan ban-fili. Kurket na bukatar kayan da sai an yo odarsu daga waje, shi ya sa da Turawa suka tafi ya yi ta ja da baya. Ƙwallon bango ba ta bukatar komai sai bango da hannu.

Sai kuma ka tuna aikin da aka kafa makarantar ta yi. Malamai take yayewa. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma makarantar Midil ta Sakkwato, wato ta gaba da elementare, yana koyarwa. Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauci. Haka sauran suka watsu Kano, Zariya, Yola, Bida, Maiduguri. Kowane ya tafi da abin da aka saba masa da shi, ƙararrawar la'asar da gasar gidaje da ƙwallon bango. Ta haka al'adar makaranta guda ta zama al'adar makarantun Midil na Arewa, daga nan ta gangara zuwa sakandaren da aka buɗe daga baya. Sardauna kansa bai rabu da wasan ba har ƙarshen rayuwarsa. Yana Firimiya yana bugawa da yamma a Kaduna, kuma da ya je Ingila har filin Eton ya shiga ya buga. Har yau ana gasar kofin Sardauna ta wannan wasa, kuma a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi da Kano da Zariya za ka sami masu buga shi, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa jin sunan Eton ba. Wasan da a ƙasarsa ta asali na 'ya'yan masu hali ne, a nan ɗan tela da ɗan sarki suna haɗa kafaɗa a cikinsa.

Na koyi wasan a hannun wani dattijo da ya yi makaranta a zamanin kakanka. Lokacin ya haura sittin, ni ina ɗan talatin ina ji da ƙarfi. Ya naɗe hannun rigarsa, ya tsaya kusan wuri ɗaya, ni kuwa ina ta zarya daga bango zuwa bango. Kafin magariba tafin hannuna ya kumbura ya yi jawur, da ƙyar na riƙe buta. Abin da ya tsaya mini a rai daga ranar shi ne wani bugu da ya yi mai kyau, na riga na sallama, sai ya ɗaga hannu ya ce a'a, ta taɓa ƙasa sau biyu kafin ya kai gare ta, makin ba nasa ba ne. Ni ban gani ba, ba kuma wanda ya gani. Na tambaye shi daga baya, ya ce a makarantarsu yaron da aka sani da cin maki na ƙarya ba ya samun abokin bugawa, kuma wannan ya fi bulala ciwo.

Cikin waɗanda suka yi suna a filin Barewa, wanda aka fi sani shi ne Yakubu Gowon. Ɗan mai wa'azin Kirista ne da ya tashi a Wusasa, ba ɗan sarauta ba, wanda ke nuna maka yadda makarantar ta buɗe ƙofa bayan ta dawo Zariya. Shi ne golan makaranta, yana tsallen gora, yana gudun dogon zango, kuma shi ne kyaftin na damben zamani. Daga nan ya shiga soja a 1954. Ba shi kaɗai ba. A shekarun 1950 hafsoshin Turawa sun riƙa zuwa makarantar neman yaran da za su zama hafsoshi, kuma yaron da ya saba da gudu da horo da jagorancin gida shi ne abin nemansu. Zakariya Maimalari da Murtala duk ta wannan hanya suka bi. Ni a nawa ganin, ba banza ba ne a zamanin mulkin Gowon, bayan yaƙin basasa, aka fara gasar wasanni ta ƙasa a Legas a 1973 da niyyar haɗa kan matasan jihohi, a shekarar da Legas ta karɓi gasar wasannin Afirka. Mutumin da ya ga yadda riga launi ɗaya ke haɗa yaran da harshensu ya bambanta, ba abin mamaki ba ne ya gwada maganin a kan ƙasa baki ɗaya.

Akwai abin da ya kamata in faɗa maka don kada ka ɗauki Barewa a abin da ba ita ba. Ba makarantar ƙera ƙwararrun 'yan ƙwallo ba ce. In ka jera sunayen da ta yi fice da su, sarakuna ne da alƙalai da hafsoshi da manyan ma'aikata da malaman jami'a. Darajar al'adarta ita ce kowa na bugawa, har yaron da ba zai taɓa cin kofi ba. Kuma ta maza ce zalla, kuma shekaru da dama ta 'yan ƙalilan ce da aka zaɓo. Dubban yaran talakawa da 'yan mata na wancan zamani ba su ga ko ƙofarta ba. Su langa da kokawa da dambe suka ci gaba da yi a dandali, wasannin da makarantun boko ba su ba su muhimmanci ba, kuma wannan rashi ne da nake jin zafinsa har yau.

To me ya faru da al'adar? Nan zan yi magana ne a kan makarantun gwamnati na birane gaba ɗaya, daga abin da na gani da idona a wuraren da na yi aiki.

Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kawo yara makaranta da yawan da ba a taɓa gani ba, kuma alheri ne. Amma bayan shekara shida wannan ambaliya ta iso sakandare, daidai lokacin da kuɗin mai ya ja baya, sannan tsuke bakin aljihu na 1986 ya biyo. Ciyar da ɗaliban kwana ya gagari jihohi, aka mayar da makarantu da yawa na jeka-ka-dawo. Wasu aka raba su biyu, 'yan safe da 'yan rana. Daga ranar da aka yi haka la'asar ta mutu, domin lokacin da ya kamata a buga ƙararrawar fili, rukuni na biyu na cikin aji, na farko kuma sun tafi gida ko kasuwa. Gida ya zama suna a takarda, yaro bai san kyaftin ɗinsa ba sai mako biyu kafin gasar shekara.

Sai fili. Makarantar da aka gina a bayan gari, gari ya zo ya kewaye ta, ƙasarta ta zama zinariya. A wata makaranta da na koyar, da hannuna nake auna da'irar tsere ta mita 400. Da asuba nake fitowa da igiya da turaku da manyan ɗalibai, mu share tsidau saboda yawancin yaran ba takalmi suke gudu, mu ja layi da farar ƙasa, in babu mu yi da toka ko baƙin mai. Ranar gasa iyaye su cika, a kafa rumfa, masu rake da masu ƙanƙara su jeru a bakin shinge, yaron da ya gama tsere a zuba masa garin gulukos a tafin hannu ya lashe. Wata shekara muka dawo hutun damina muka tarar an haƙa harsashin gini a kusurwar gabas, aka ce ajujuwa ne, ba wanda zai yi musu da ajujuwa. Bayan shekara biyu aka jera shaguna a gefen titi. Da'irar ta koma mita 300, daga baya ko 200 ba ta cika ba. Yaron da na san zai iya zuwa gasar jiha a gudun mita 800 na rasa inda zan horar da shi, sai gefen kwalta da sassafe, ina bin sa a kan keke ina tsoron motoci. Ya gama makaranta bai taɓa gudu a cikakken fili ba. Har na yi ritaya abin bai bar ni ba.

Barewa tana da abin da yawancin makarantun nan ba su da shi. Har yanzu ta kwana ce, tana hannun gwamnatin Jihar Kaduna, tana da harabar da aka yanka mata tun gari bai matso ba, kuma tana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai ƙarfi da dogon tarihi, wadda ake jin muryarta. Ta cika shekara ɗari a 2021. In tsofaffin ɗalibai za su ji shawarata, kuɗin da za a kashe a gyaran ƙofar shiga gara a kashe shi a fili. Bangon ƙwallo guda bai kai kuɗin aji ɗaya ba, kuma zai yi shekara hamsin yana aiki. Malamin wasanni guda da ke kwana a harabar makaranta ya fi rigunan gasa ɗari da za a raba a ɗauki hoto. Abin da ya fi komai kuma ba ya cin ko kwabo: a hana darasin ƙari da duk wani taro tsakanin la'asar da magariba, a bar wa fili lokacinsa.

Kai kuma, ɗana, ka tambayi kakarka ko iyayenka ko akwai wata takarda ta makaranta a cikin kayan marigayin. Abu biyu za ka nema, lambarsa da sunan gidansa. Da su za ka iya gane shekarun da ya yi, kuma duk tsohon ɗalibin da ka gaya wa zai san sa'o'insa. In hanya ta kai ka Katsina, ka shiga tsohon ginin kwalejin ka ga kaurin bangon da ƙanƙantar ɗakunan da mutanen nan suka zauna. Sannan ka tambayi inda ake buga Fives a garin, ka je bayan la'asar. Ka tafi da ƙwallon tanis sabuwa, za su ba ka wuri. Ka fara da hannun hagu tun ranar farko, domin ta nan ake cin sabon shiga.